Tambaya da Amsa: Ƙyastun bindigar ƙanƙara, na wane maƙeri zan saya?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Tun da muka yi maganar bindigogin da, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, wasiƙu suke shigowa, na zaɓo huɗu da suka zo kan abu ɗaya, wato ɗan injin nan da ke gefen bindiga wanda shi ke haifar da wuta.

Tambaya ta farko, daga wani ɗan Katsina mazaunin jihar Fensilbeniya a Amurka:

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Shekarata 6 ina aiki a nan, akwai wani dattijon bature da muke aiki tare, duk ƙarshen shekara bayan Kirsimeti sai ya ɗau hutu ya shiga daji farautar barewa irin tasu da wata doguwar bindiga wadda dutse ne ke kunna ta. Ranar da ya kai ni na harba wlh kakana na tuna, don yana cikin 'yan bindigar sarki masu buga ta ranar hawan sallah. Yanzu so nake in haɗa tawa da hannuna kamar yadda suke yi a nan, katako daban ake saya, bututu daban, sai wannan injin mai ƙyasta wuta. To a nan kaina ya ɗaure, wannan yace Siler wancan yace Chambers, wani L&R wani Davis, wasu kuma sunce in ba Kibler ba asarar kuɗi ce, ga kuma wasu masu araha sosai da nake gani. Don Allah Malam wanne zan saya?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da zan fara gaya maka shi ne abin da na so a ce wani ya gaya min tun ranar farko: in kuɗinka bai kai ba to ka rage a katako, ka rage a ado da zanen azurfa, amma kar ka kuskura ka rage a wannan injin. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Bindigar da katakonta ke sheƙi amma sai ka ja kunama sau uku kafin ta tashi, ai sanda ce kake saɓe da ita.

Su turawan lok suke ce masa, wato makulli, ni kuma ƙyastu zan riƙa cewa don aikinsa kenan, irin dai ƙyastun da kakanninmu suke hura wuta da shi kafin zuwan ashana, ƙarfe da ƙanƙara da 'yar audugar rimi. Ga yadda abin yake tafiya. Akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa da suke kira zakara, yana riƙe da dutsen ƙanƙara a bakinsa. Ka ja shi baya ya ɗanu, kana taɓa kunama sai babban sifirin da ke ɓoye a ciki ya fizgo shi gaba, dutsen ya kankari wani ƙarfe da ke tsaye a gabansa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, tartsatsin nan ba daga dutsen yake fita ba, ɓarɓashin ƙarfe ne dutsen yake yankowa suna ja don tsananin zafi. Shi wannan ƙarfen da ake kankara shi ne kuma murfin ɗan kaskon da ake zuba albarushi kaɗan a ciki, bugun ne yake tura shi ya buɗe, tartsatsi ya zuba a kasko, wuta ta bi ta wani ɗan huji ta shiga cikin bututu. In ƙyastu mai kyau ne duk wannan bai kai kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa ba. Wajen shekarar 1610 aka kammala wannan fasaha a Faransa, galibi ana danganta ta ga Marin le Bourgeoys na garin Lisieux, kuma ta yi sama da shekara 200 tana mulki kafin bindiga mai hula, wadda ɗan murfin ƙarfe mai fashewa ke kunna ta a maimakon dutse, ta ture ta.

Kuma kar ka ji wai kasawa ce ka sayi ƙyastu a haɗe. Su kansu maƙeran da suka yi suna a Lancaster, nan jihar da kake, a shekarun 1700, yawancinsu sayowa suke yi daga Ingila da Jamus su ɗora a kan bindigoginsu, don ƙirar ƙyastu sana'a ce mai zaman kanta tun asali.

To sai sunayen. Siler sunan mutum ne, Bud Siler na garin Asheville a Karolina ta Arewa, shi ya fito da wani samfuri mai kama da ƙirar Jamusawa, akwai babba akwai ƙarami, ya karɓu har ya zama shi ne aka fi ɗorawa a kan dogayen bindigogin da ake haɗawa a Amurka. Daga baya Jim Chambers na garin Candler, nan kusa da Asheville ɗin, ya karɓi harkar ya ci gaba da ita. Nan ne fa nake so ka buɗe kunne sosai, don a nan mutane suke faɗawa rami. Yau in aka ce Siler, sunan samfuri ake nufi. Ana sayar da sassansa a warwatse cikin leda, kowa na iya saya ya huda ya ɗaura ya taurara ƙarfen da kansa ya kai kasuwa, kuma ba ƙarya ya yi ba in ya ce maka Siler ne. Sai ka ga guda biyu iri ɗaya sak a ido, ɗaya na zubar da wuta kamar walda, ɗayan kuwa sai ƙas ƙas ba komai. Don haka in mai shago ya ce maka Siler ne, tambayarka ta gaba ita ce wa ya haɗa shi. In wanda aka haɗa a shagon Chambers ne to hankalina a kwance yake.

Dalilin da ya sa hannun mai haɗawa ya zama komai shi ne yadda ake yin sassan. Yawancinsu zubi ne, a yi siffar abin da kaki, a lulluɓe shi, a narkar da kakin ya fita a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, dabarar nan dai da masu zubin tagulla na Benin da Ife suka daɗe da sani. Zubi yana fitar da siffa mai kyau, amma huda ramuka daidai wa daida, da goge wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe, da gasa kowane sashe a tsoma shi a mai ya taurare sannan a sake ɗumama shi kaɗan a rage masa gautsi, wannan duk aikin hannu ne da ido. Ramin da sandar zakara ke juyawa a ciki in ya ɗan karkace ko ya yi faɗi da kaurin gashi biyu, shi kenan zakara ya riƙa rawa, dutse ya riƙa sauka inda ya ga dama.

Chambers ba Siler kaɗai yake yi ba, yana da samfura da dama, akwai na ƙirar Ingila mai kumburarriyar fuska, akwai na tsohuwar ƙirar Jamus, akwai kuma Late Ketland wanda masu harbin gasa suke yabo saboda saurinsa. Ketland ɗin sunan wani gidan maƙera ne a Birmingham da suka yi ta tura ƙyastu Amurka a da. L&R suna garin Sumter a Karolina ta Kudu, su ƙarfinsu yawan samfuri, suna da Durs Egg da Manton waɗanda aka kwaikwayo daga aikin manyan maƙeran Landan na ƙarshen zamanin ƙanƙara, suna yi wa bahagwai nasu, kuma suna yin waɗanda ake cire na bindigar kamfani a maye gurbinsa da su. Ra'ayin masu haɗawa ya rabu a kansu gsky, wasu sun yi shekaru da nasu ba matsala, wasu kuma suna cewa sai an zauna an ɗan goge shi an daidaita sifirin kafin ya nuna kansa. R.E. Davis na Ohayo an san su da manyan ƙyastu irin na bindigar farautar Jamusawa da ake kira Jaeger, da samfurin Twigg, kuma kunamarsu mai biyu, wadda in ka ja ta baya sai ta gaba ta tashi da ɗan taɓi kaɗan, tana da suna.

Sai Kibler, wato Jim Kibler na jihar Ohayo, wanda ya zo daga baya ya canza lissafin kowa. Shi injin da kwamfuta ke sarrafawa ne yake yanka masa mafi yawan sassan daga dunƙulen ƙarfe, don haka na yau da na gobe kusan ba bambanci, in ka ja zakaransa za ka ji yana tafiya sumul ba cije-cije. Kuma in ka sayi kayan haɗinsa gaba ɗaya, da katako da bututu da ƙyastu, an riga an fafe wa kowane abu gurbinsa. Tunda wannan ce ta farkonka, ni shawarata ka bi ta nan, ko kuma kayan haɗin Chambers in kana da mai nuna maka, don nasa ya fi buƙatar aikin hannu. Ga dattijon nan abokin aikinka, ka riƙe shi da kyau. Kuɗin ƙyastu mai kyau shi kaɗai ka sa a ranka zai kai dala 200 zuwa 300 da wani abu.

Abu biyu kuma kafin in bar ka. In katakon da za ka saya an riga an fafe masa gurbin ƙyastu, to na samfuri ɗaya aka fafe, ba za ka cusa Ketland a gurbin Siler ba, sai ka tambaya tun kafin ka biya. Na biyu kuma kowace bindiga da irin nata, ta Lancaster ta farkon zamani ƙirar Jamus ce ta dace da ita, ta mutanen duwatsun kudu irin su Tenesi kuwa ƙirar Ingila ake sa mata, in ka gauraya za ta yi harbi lafiya lau amma masana suna gani za su gane, kamar mutum ne ya sa babbar riga ya ɗora hular kwano.

Game da masu arahar nan, bari in ba ka labarina. Lokacin da nake zaune a Indiyana na je wani taron masu irin wannan bindiga, a wata rumfa na ga ƙyastu sabo fil kusan rabin kuɗin sauran, ba sunan kowa a jikinsa, na saya ina murna na yi dabara. Wata uku na yi ina fafe katako da kurfi da daddare bayan na taso aiki, na zaunar da shi daram. Ranar gwaji da sassafe ana sanyi har yatsuna ba sa lanƙwasuwa, na ɗana na ja, ƙas. Na sake, ƙas. A bugu na biyar dutsen ya tsage biyu. Wani tsoho da ke kusa da ni ya miƙo hannu na ba shi, ya zaro ƙaramin magagari daga jakarsa ya ɗan goga a fuskar ƙarfen, sai ga shi ya ci ya bar layi fari tas. Bai ce komai ba ya miƙo min ya nuna layin da farce. Ƙarfen ɗanye ne, ba a taurara shi ba sam. Abin da ya fi min ciwo, gurbin da na fafe na wannan ne shi kaɗai, na nemi wani mai kyau da zai zauna a wurin ban samu ba sai da na yi ciko da ɓallin katako, har yau in na kalli tabon sai raina ya sosu. Araha ba ta ado ɗan'uwa. In ka samu hali ka je garin Friendship a Indiyana, can ne hedikwatar ƙungiyar masu wannan harbi ta ƙasa wadda aka kafa a 1933, suna babban taro a watan Yuni da Satumba, masu sayarwa suna baje kaya, ka ɗauki kowanne ka ja da hannunka, gani ya kori ji. Kuma ka yi sa'ar jiha, don tun 1974 Fensilbeniya ta ware lokacin farauta na musamman wanda sai mai bindigar ƙanƙara kaɗai ke shiga, ka dai nemi lasisinka ka karanta ƙa'idarsu ta shekarar.

Tambaya ta biyu, daga wani mai karatu a Hustan, jihar Tekzas:

Malam ni na riga na saya, ta hannu ce, ƙirar kamfani. In na buga sau 10 da ƙyar 4 su tashi, kuma dutse baya wuce harbi 6 ya farfashe. Abokina yace in jefar kawai wai duk na kamfani haka suke. Gaskiya ne ko akwai gyara?

Amsa:

Abokinka ya yi saurin yanke hukunci. Na kamfani ma hawa-hawa ne. Pedersoli na Italiya, waɗanda suke garin Gardone Val Trompia tun 1957, suna yin kaya mai kyau har ana shiga gasar duniya da su. Akwai kuma waɗanda ake yi a Indiya, galibi kwaikwayon bindigogin soja irin su Brown Bess ta Ingila, su da hannu ake yin su ɗaya bayan ɗaya, wani ya fito da kyau wani a'a, kuma da yawa ana fito da su ba a huda hujin wuta ba, ba a kuma gwada ƙarfin bututun a gidan gwaji na hukuma ba, wannan ya sa nake cewa wanda ya sayi irinsu ya kai wa ƙwararre ya duba kafin ya ɗura komai. Ba ka faɗa min taka wace iri ce ba, amma ga yadda za ka binciki ƙyastun da kanka.

Da farko ka tabbatar ba komai a cikinta, ka zura sandar ɗuri har ƙasa ka auna da tsawon bututun ta waje, kar ka yarda da cewa ai na san ban ɗura ba. Sannan ka sa sabon dutse mai kaifi, ka goge fuskar ƙarfen da tsumma mai ɗan sinadarin goge maiƙo don ko maiƙon yatsa yana hana wuta, ka shiga ɗaki mai duhu inda babu albarushi ko kaɗan, ka buga kana kallo ta gefe. Mai kyau za ka ga tartsatsi ya zubo da yawa, fari-fari ko ruwan lemo, yana faɗawa tsakiyar kasko har wasu suna rawa a ciki suna ƙara tsss. In ja ne guda biyu uku masu mutuwa tun a sama, ko kuma suna zuba gaban kasko, to akwai magana.

Sai gwajin magagarin nan da tsoho ya koya min. In ya zame bai kama ba ƙarfen ya taurare, in ya ci to ɗanye ne, ko kuma dama fatar sama kawai aka taurara ta cinye da amfani, wannan yana yawan faruwa da na hannu. Ana gyarawa, maƙerin bindiga zai sake taurara shi ko ya manna masa sabuwar fuska.

Amma farfashewar dutsen da ka faɗa ta fi sa ni zargin wani abu daban. Ka riƙe zakara da babban yatsa ka sauke shi a hankali kana kallo. Ya kamata bakin dutse ya fara taɓa ƙarfen a wajen kashi biyu cikin uku na tsayinsa, ya gangaro yana fere shi kamar mai feraye rake. In kuwa karo yake yi da shi kai tsaye kamar rago ya tunkuyi bango, dole dutse ya fashe. Wani lokaci juya dutsen kawai, gefen da aka fiƙe ya koma ƙasa ko sama, ko ƙara 'yar fata a bayansa, ya isa ya canza kusurwar. Wani lokaci kuma ƙaramin sifirin na waje mai riƙe murfi ne ya yi ƙarfi fiye da kima, dutse na turawa shi yana ƙi. Shi ya sa maƙeran Landan irin su Joseph Manton suka riƙa sa ɗan gare a wurin don murfin ya buɗe ba gardama. Ƙyastu mai lafiya dutse ɗaya yana ba shi harbi 30, wani ma ya haura 50.

Ka kuma rufe murfin ka ɗaga kaskon wajen haske, in kana hango haske ta tsakani to albarushi zai zube, raɓa kuma za ta shiga. Ka girgiza zakara hagu da dama ka ji ko yana rawa. Sai mafi muhimmanci, ka sa zakara a rabin ɗani, wato ka ja shi baya rabin hanya ya tsaya, ka ja kunama da ɗan ƙarfi, bai kamata ya sauka ba ko kaɗan. In ya sauka, ka ajiye bindigar nan kar ka sake ɗura ta sai an gyara, wannan maganar rai ce.

Ban sani ba ko wane albarushi kake sa mata, amma irin su Pyrodex da ake sayarwa a madadin baƙin albarushi ba sa kamawa da tartsatsin dutse yadda ya kamata, na asali take so. Kuma kar ka cika kasko fal har ya toshe hujin, kaɗan ya fi sauri. Garin harsashin zamani kuwa mara hayaƙi, ko da wasa kar ya kusanci bindigar nan, fasa bututun zai yi a fuskarka. In duk ka bi wannan abin ya ƙi, ka duba ko L&R suna da wanda ya dace da samfurinka ka musanya. Masu son ƙirar soja sak kuma akwai The Rifle Shoppe a Oklahoma da ke zuba sassa daga jikin tsofaffin bindigogi na asali, sai dai nasu ɗanyen zubi ne, aikin gwanaye ne ba na mai koyo ba.

Tambaya ta uku, wani matashi ne ya rubuto a madadin mahaifinsa, maƙeri a ƙasar Bauchi:

Ranka ya daɗe, Baba ne yace in tambaye ka. Muna da wata tsohuwar bindiga ta gado tun ta kakan kakansa, tana da bakin riƙe dutse irin wanda ka kwatanta, a jikin ƙarfen akwai hoton kambun sarauta da rubutu TOWER. Yace shin ita ce irin wadda turawan nan suke kwaikwaya? Kuma zai iya yin odar sabon injin daga Amurka ya sa mata?

Amsa:

A gaida Baba da kyau, Allah ya ƙara girma da lafiya, a ce masa ɗansa na gaishe shi. Baba, abin da ke hannunku danginsu ne na jini. Bindigogin ƙanƙara sun yi ɗaruruwan shekaru suna shigowa Afirka ta Yamma ta bakin teku, har turawa suka laƙaba musu sunan bindigar mutanen Danmak, saboda 'yan kasuwar Danmak da suka zauna a ganuwar Christiansborg da ke Osu a Akra har zuwa 1850, duk da cewa mafi yawansu a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka ƙera su. Su duwatsun ma daga wani ƙaramin gari suke zuwa mai suna Brandon a Ingila, inda masu fasa ƙanƙara suka ci gaba da turo su Afirka har cikin ƙarni na 20, lokacin da Turai ta daɗe da mantawa da su. Bindigar tokar da maharbanmu suke riƙewa yau jikanyar waɗannan ce, sai dai yawancinsu yanzu sun koma masu hula.

Kambun sarauta da kalmar TOWER alama ce ta bindigogin gwamnatin Ingila, sunan hasumiyar Landan ne inda ma'ajiyar makamansu take. To amma Baba kar a yi saurin murna, don masu ƙera na kasuwa sun riƙa buga irin wannan tambarin a kan nasu saboda sun san masu saye suna nemansa. Sai wanda ya san tambarin gwaji da ke jikin bututu ya duba zai iya rabewa.

Maganar oda kuwa, ina roƙon Baba ya bar ta. Abin da ya sa na Amurka suke saye hankali kwance shi ne dokar tarayyarsu ta 1968 ta sa irin waɗannan a sahun kayan tarihi, ko da yake jihohi suna da nasu ƙa'idojin. Mu a Najeriya ba haka ba ne, dokar makamai ta 1959 ta ambaci bindigogin da ake ɗurawa ta baki da sunansu, har da mai ƙanƙara da mai hula, kuma shigo da makami ko ƙera shi ba da izinin hukuma ba laifi ne mai kai mutum gidan yari, balle a wannan yanayi na tsaro da muke ciki. Ban da haka ma, bututun da ya haura shekara ɗari tsatsa ta ci shi ta ciki inda ido ba ya gani, sabon ƙyastu a kansa neman asarar hannu ne. Ni a ganina darajarta tana nan a yadda take. Kar a goge ta da sanfefa, kar a yi mata fenti, a shafa mata mai kaɗan a ajiye inda ba laima. A kuma auna ta da sanda a tabbatar ba tsohon ɗuri a ciki, don baƙin albarushi yana shekaru aru-aru bai mutu ba, in an ga alamar akwai kar a kai ta kusa da wutar maƙera. In Baba yana son sanin asalinta a ɗauki hoton tambarin a nuna wa ma'aikatan gidan adana kayan tarihi, irin su Gidan Makama a Kano.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wata baiwar Allah a Kanada:

Malam maigidana yana da irin wannan bindiga, ina so in saya masa duwatsun a matsayin kyauta, naga akwai baƙi akwai mai ruwan zuma, wanne yafi?

Amsa:

Hajiya Allah ya bar ƙauna. Baƙin na Ingila ne, mai ruwan zuman kuma na Faransa ne daga yankin Meusnes, dukkansu an yi yaƙi da farauta da su shekaru ɗaruruwa kuma duk suna ba da wuta, kowa da wanda ƙyastunsa ya fi so. Abin da zai ɓata kyautar shi ne girma. Ki samu dabara ki san sunan ƙyastunsa ko ki auna faɗin dutsen da ke ciki yanzu, babban Siler yana cin mai faɗin kashi 3 cikin 4 na inci, ƙaramin kuma kashi 5 cikin 8. Ki zaɓi waɗanda aka fasa da hannu masu shimfiɗaɗɗen baya, don masu ƙusumbi ba sa zama a bakin zakara. Ki saya dozin ɗaya, rabi baƙi rabi ruwan zuma ya gwada da kansa, ki haɗa masa da ɗan yankin fata mai laushi da zai riƙa naɗe su da ita.